Ifoksi ko PU: Wanne Ya Dace da Daɓen Masana'anta da Tankunan Ƙarfe a Kano?

Manajan Gini, Sharaɗa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masana nake nema. Masana'antar tace man gyaɗa da na waken suya ce a Sharaɗa, an gama zuba kankare, saura fenti. Akwai sito mai murabba'in mita 400 da fokalif zai riƙa kaiwa da komowa a ciki. Akwai ɗakin tacewa mai mita 200, inda mai ke zuba a ƙasa, ana aiki da kostik soda, ana kuma wanke daɓen da ruwan zafi daga boila. Sai tankunan ƙarfe biyu a waje, kowanne faɗinsa mita 6, tsayinsa mita 7.5, da kuma ƙarafan rufi. 'Yan kwangila biyu sun kawo takarda. Ɗaya ya ce ifoksi ko'ina, ɗayan ya ce foliyuretan, wanda ake ce wa PU, ya fi ƙarko. Wanne za a bi?

Mai Fenti, Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ifoksi kawai. Ya fi kama siminti, ya fi kama ƙarfe, soda ba ta cinsa, kuma ana samunsa a gari ba sai an jira kaya daga Legas ba.

Injiniyan Bompai:
Malam Mai Fenti, duk abin da ka faɗa game da ifoksi haka yake, amma wurare huɗu Alhaji ya lissafa, kuma abin da ke cin kowanne daban ne. Duka takardun nan biyu a mayar wa masu su, su sake rubutawa wuri-wuri.

Bari in fara da tankunan, don nan amsar ta fi sauƙi. Ifoksi ba ya jure rana. Hasken rana yana karya saman fatarsa, sheƙin ya tafi, launin ya koɗe zuwa rawaya, in ka shafa tafin hannu sai ka ga farin gari ya biyo ka. Garin nan fentin ne da kansa ke narkewa a hankali, damina ta wanke shi, rana ta sake cin wanda ke ƙasa. A ranar Kano ba a daɗewa ake fara ganin haka. PU kuma, irin wanda ake kira alifatik, yana riƙe launinsa da sheƙinsa shekaru, amma shafinsa siriri ne, kuma a kan ƙarfe tsirara bai kai ifoksi tare danshi ba. Shi ya sa a ƙarfen waje ake haɗa su: ifoksi a ƙasa ya tare tsatsa, PU a sama ya tare rana.

Tsarin da aka saba: firaima, wato shafin farko, ta ifoksi mai zinki, kauri maikiron 60 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), shafin tsakiya na ifoksi mai garin ƙarfe da ake kira MIO, maikiron 100 zuwa 125, sai PU alifatik maikiron 50 zuwa 60 a sama. Launin ya zama fari ko ruwan toka mai haske, don man da ke ciki kada ya riƙa ɗaukar zafin rana.

Ɗan Kwangila, Titin Haɗeja:
Injiniya, wannan tsarin na Fatakwal da Apapa ne, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri. Mu nan wata bakwai zuwa takwas ba ruwan sama. Shafi uku ɓarnar kuɗin mai aiki ne.

Injiniyan Bompai:
Akwai gaskiya a maganarka, kuma ƙa'idar ISO 12944 ta yarda da kai rabi. Ta raba wurare bisa yadda tsatsa ke cin ƙarfe a cikinsu, daga C1 zuwa C5, har da CX na cikin teku. Bakin teku yana kaiwa C5. Yawancin unguwannin masana'antu a Kano za a sa su a C3, inda jimillar kauri maikiron 160 zuwa 180 ta isa a yi tsammanin shekara 15 zuwa 25 kafin babban gyara. To a nan shafi biyu ya wadatar, ifoksi mai kauri sau ɗaya da PU sau ɗaya. Amma a duba maƙwabta. In akwai majema kusa, kamar yadda yake a sassan Sharaɗa da Chalawa, ko hayaƙin boila yana sauka a kan tankin, to wurin ya koma C4, a nemi 200 zuwa 240. In za a rage, daga shafin tsakiya za a rage. PU na sama ba a taɓa shi, don abin da Kano ta fi Legas da shi rana ce, kuma ita ce ke cin ifoksi.

Ƙarafan rufi da ke ciki, rana ba ta ganinsu, ifoksi kaɗai ya ishe su. Nan kam sa PU ɓarna ce.

Hajiya Mai Kemis, Chalawa:
Sannunku da aiki. Ni ɗakin tacewar ne ya tsaya mini a rai, don nan ne kuɗi ke salwanta. Malam Mai Fenti ya ce soda ba ta cin ifoksi, kuma haka ne, ifoksi gwani ne a wajen soda da farar ƙasar majema da duk dangoginsu. Amma abu biyu a ɗakin nan sun fi ƙarfinsa.

Na farko zafi. Ifoksin daɓe na yau da kullum yana fara laushi daga digiri 50 zuwa 60. Bayan haka, yadda yake buɗewa da zafi ya ninka na kankare. Da asuba a hunturu daɓen na iya zama a digiri 15, sai ma'aikaci ya kwara masa ruwan boila mai digiri 80. Fatar sama ta miƙe nan take, kankaren ƙasa bai motsa ba. Yau da gobe sai ta saki daga bakin magudana, ta fara ɓarewa falle-falle. Na biyu shi ne man kansa. Ɗanyen man gyaɗa da na waken suya suna ɗauke da asid na kitse, kuma idan da ɗumi yana jiƙa ifoksin da aka taurara da sinadarin amin, ya kumbura ya yi laushi.

Maganin ɗakin nan shi ne PU mai siminti. Kashi uku yake zuwa: ruwa biyu da buhun gari, a kwaɓa a shimfiɗa da cokalin magina. Buɗewarsa da zafi ta yi kusa da ta kankare, shi ya sa ba ya saki. Takardun yawancin masu yinsa suna ba kaurin milimita 6 juriyar ruwa mai digiri 80, milimita 9 kuma har 120, ana iya wanke shi da tururi. Don haka tambayata ga Alhaji: digiri nawa ruwan wankin yake, kuma akwai bututun da ke sakin tururi kai tsaye a ƙasa?

Manajan Gini, Sharaɗa:
Hajiya, ruwan wankin yana tsakanin 70 da 80. Tururi a wuri ɗaya ne kawai, gindin tukunyar cire wari. Amma ɗan kwangilar da ya rubuta PU bai ambaci siminti ba, ya ce da rola za a shafa sau biyu.

Hajiya Mai Kemis, Chalawa:
To ka ga inda ake ruɗa mutane. Sunan ɗaya ne, kayan ba ɗaya ba ne. PU na rola, shafi biyu, da ƙyar ya kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Yana da kyau a kan ifoksi don hana ƙarzuwa da koɗewa, amma ba zai tsaya wa ruwan boila ba ko na wata shida. Ka sa a rubuta a takarda ƙarara: PU mai siminti, milimita 6 a duk ɗakin, milimita 9 a kewayen tukunyar da bakin magudanar da ke ɗaukar ruwanta.

Ka kuma san tun yanzu cewa irin wannan yana yin rawaya in haske ya daɗe a kansa, saboda isosayanet, sinadarin da ke taurara shi, ba alifatik ba ne. Launi ne kawai ke sauyawa, ƙarfinsa na nan. A zaɓi ja, kore mai duhu ko ruwan ƙasa, kada a zaɓi shuɗi ko toka mai haske.

Ɗan Kwangila, Titin Haɗeja:
Hajiya, a faɗa wa Alhaji nauyin abin. Milimita 6 yana cin kusan kilo 12 a kowace murabba'in mita. Mita 200 ya zama tan 2.4 ke nan, kafin a ƙara na asara da na gefen bango. Ifoksi mai bin kansa, wanda ake zubawa ya baje da kansa, na milimita 2 bai wuce kilo 3 da rabi ba. Akwai kuma ifoksin nobolak, wanda ke jure zafi da asid fiye da na gama-gari. Me zai hana a yi shi?

Hajiya Mai Kemis, Chalawa:
Nobolak wurinsa daban: gindin tankin asid, ɗakin batir, ramin da ake jiƙa fata da salfurik asid a majema. Yana jure sinadari mai ƙarfi, yana jure zafin da ke zaune daram. Amma ya fi ifoksin gama-gari tauri, don haka sauyin zafi na farat ɗaya ya fi tsaga shi. Matsalar ɗakin Alhaji sanyi da zafi ne suna karɓa-karɓa. Nauyin da ka lissafa daidai ne, tsadar ma gaskiya ce. Sai dai a haɗa da lissafin ranar da za a tsayar da injina a kankare daɓen da mai ya riga ya shiga ƙarƙashinsa, wanda babu fentin da zai sake kama shi sai an sare kankaren an kai inda man bai kai ba. Araha ba ta ado.

Sito kuwa ina tare da ku, ifoksi ne. Busasshen wuri, ba rana, ba zafi. Mai bin kansa milimita 2, ko in kuɗi ya yi ƙaranci, firaima da shafi biyu masu kauri da rola, jimilla rabin milimita. A duba tayar fokalif da ta keken ɗaukar kaya: tayar nailan mai tauri da ta ƙarfe suna daka tsakuwa a kan fenti, tayar roba ko ta PU ta fi sauƙi a kansa.

Malamin Fasaha:
Tambaya ɗaya da ba a yi ba. Matse man ake yi da inji kaɗai, ko ana jiƙo da hekzen, sinadarin fitar da mai da ke saurin kama wuta? In akwai hekzen, sashen nan yana buƙatar daɓe mai sauke lantarkin jiki zuwa ƙasa, wanda ake shimfiɗa wa zaren tagulla da baƙar firaima mai kabon, a haɗa da ƙarfen at da ake kafawa a ƙasa. Ifoksi da PU na gama-gari duk ba sa wuce lantarki, tartsatsi ɗaya kuma ya isa.

Manajan Gini, Sharaɗa:
Matsewa ne kawai Malam, babu hekzen. Kankaren yau kwanansa 16. Mai aikin yana so a fara fenti mako mai zuwa.

Mai Daɓe, Zariya Rod:
Ranka ya daɗe, ka ba shi haƙuri. Ifoksi sai kankare ya cika kwana 28, kuma ba kwanakin ne kaɗai ba, sai an auna. Danshin ya sauka ƙasa da kashi 4 cikin 100 a na'ura, ko laimar cikin kankaren ta sauka ƙasa da kashi 75. In babu na'ura, a yanka leda mai kauri santimita 45 a kowane gefe, a manne ta da salatif a rufe ko'ina, a bar ta awa 16. In an ɗaga an ga gumi a ledar ko kankaren ya yi duhu, ba a shafa ba. Gwajin leda yana iya cewa a'a da tabbaci, amma eh ɗinsa ba cikakke ba ne, don haka a yi shi a wurare da yawa, musamman kusa da bango da inda inuwa take.

Tambayar da ta fi wannan nauyi: an shimfiɗa leda a ƙarƙashi kafin a zuba kankaren? In ba a sa ba, a rani komai zai nuna bushe, sai Agusta ta zo ruwan ƙasa ya taso, danshi ya bi ta cikin kankare ya tsaya a ƙarƙashin ifoksi. Nan ne ake ganin bororo, in ka huda da ƙusa ruwa mai wari ya fito. Idan babu leda, sai an fara da firaima ta musamman mai tare danshi, shafi biyu, ko siririn shimfiɗin ifoksi mai siminti milimita 2. PU mai siminti ya fi haƙuri da danshi, ana iya ɗora shi a kankare mai kwana 7 zuwa 10, don haka ɗakin tacewa za a iya farawa da shi, sito ya jira.

Sai gyaran fuska. Saman kankare akwai ruwan siminti da ya taso lokacin shafe, yana da santsi amma ba shi da ƙarfi. Fenti a kansa zai kama, shi kuma ya saki kankaren ya taho da fentin. A gurje shi da injin gurza mai haƙoran daimon, ko injin harbin ƙwallayen ƙarfe, har tsakuwar ciki ta fara leƙowa, sannan a zuƙe ƙurar da inji. Tsintsiya ba ta isa ba. Masu wanke daɓe da asid su daina, yana ƙara ruwa ne a inda ake neman bushewa, kuma yana barin gishiri. Kankaren kansa ya kai ƙarfin niyutan 25 a murabba'in milimita, gwajin finciko, na auna ƙarfin riƙon samansa, ya ba da aƙalla 1.5. In kankaren yana zubar da gari a ƙarƙashin takalmi, babu fentin da zai gyara shi.

Na PU mai siminti akwai abin da ake yawan mantawa: tsagi. Yana ɗan tsukewa lokacin da yake kamawa, don haka ana yanka tsagi a kankare a duk inda zai ƙare, bakin ƙofa, gefen magudana, gindin inji, kewayen bango. Faɗin tsagin da zurfinsa su ninka kaurin shimfiɗin, wato milimita 12 ga mai 6. Ba tsagi, baki zai ɗaga. Kusurwar bango da ƙasa a yi mata lanƙwasa don kada mai ya maƙale. Gangaren zuwa magudana a kankare ake gyara shi tun farko.

Wuraren da aka raba kankare don motsi, kada a rufe su da fenti. A yi alama, a shafa, a sake yankawa, a cika da PU mai laushi na cike tsaga. In an rufe, nan zai tsage ya zana maka layin da kansa.

Mai Fenti, Ƙofar Ruwa:
Na karɓi maganar ɗakin zafi. Amma a ƙarfe ina da ja. Firaimar zinki sai an yi bulastin, wato an harba wa ƙarfen gari mai kaifi da iska har ya fito tas. Nawa ne a garin nan ke da kwamfuresar da za ta yi aikin? Yawanci buroshin waya da giranda ake sawa.

Injiniyan Bompai:
Jan naka a wurinsa yake. Zinki yana aiki ne in ya taɓa ƙarfe tsirara, shi tsatsa ke ci a madadin ƙarfen. A kan baƙin ɓawon da faranti ke fitowa da shi daga masana'anta, ko kan ragowar tsatsa, kuɗin zinkin ya tafi a banza. Yana buƙatar wanki matakin Sa 2½, da kaushi maikiron 50 zuwa 75. Buroshin waya ma goge ƙarfen yake yi ya yi santsi, fentin ya rasa abin riƙewa. In bulastin ba zai samu ba, a bar zinki, a sa ifoksi mai haƙuri da fuska, irin mai garin alminiyam, maikiron 125 a shafi ɗaya, na farkon da buroshi don ya shiga ramuka. Ƙarkonsa bai kai na farko ba, a sanar da mai aiki. Amma sabbin tankuna biyu na ajiyar mai sun cancanci a kawo masu bulastin.

Kuma kada a yi da yashin rafi. Yana ɗauke da laka da gishiri da ke maƙalewa a ƙarfe, ƙurarsa kuma ita ke jawo ciwon huhu na silika, wanda ba ya warkewa. A nemi garin dutsen ganet ko kashin tagulla, wato ragowar narkar da tagulla. Iskar kwamfuresa a gwada ta: a feshe ta a farar takarda na minti ɗaya, in an ga tabon mai ko ruwa sai an gyara matattarar. Abin da aka wanke a ranar, a rufe shi da firaima a ranar, cikin awa huɗu.

Kafin duk wannan, a gurje tartsatsin walda, a daddaɗe kaifin gefuna su yi lanƙwasar milimita 2. Fenti yana gudu daga kaifi lokacin bushewa, shi ya sa tsatsa ke fara fitowa a gefe da kan walda. Ana bin waɗannan wuraren da buroshi, shafi na musamman, kafin feshin gaba ɗaya. Gindin tanki inda faranti ya sauka a kan kankare a cika shi da abin cike tsaga, don nan ruwan damina ke kwana.

Manajan Gini, Sharaɗa:
Allah ya ƙara sani. Ta yaya zan gane litar da suka rubuta ta isa? Kuma cikin tankin fa?

Malamin Fasaha:
Lissafin a takardar bayanin kaya yake. Nemi adadin abin da ke saura bayan tina ta tashi, ana rubuta shi da kashi cikin ɗari. Ka ninka shi da 10, ka raba da kaurin da kake so a maikiron, sai ka samu murabba'in mitar da lita ɗaya za ta rufe. Tanki ɗaya jikinsa murabba'in mita 141, rufinsa kusan 28, biyun ka ce 340.

Firaima mai kashi 60, kauri 60: mita 10 a lita. Feshi a fili yana cin kusan kashi 30 a iska, saura mita 7, lita 49 ke nan. Ifoksin tsakiya mai kashi 70, kauri 125: mita 5.6, bayan asara 3.9, lita 87. PU mai kashi 55, kauri 50: mita 11, bayan asara 7.7, lita 44. In takardar ɗan kwangila ta nuna rabin wannan, to da tina zai cike gibin.

Mai feshi ya riƙe matajin auna ɗanyen fenti a aljihu. Don samun 125 a bushe daga mai kashi 70, sai ɗanyen ya kai 180. Bayan ya bushe a bi da na'urar maganaɗisu, a rubuta. Yin kowane shafi da launi daban yana nuna inda aka tsallake.

Cikin tanki kada zinki ya shiga, kada ifoksi mai kwalta ya shiga, kada PU na waje ya shiga. Ifoksi mara tina ko ifoksi fenolik wanda ke da takardar shaidar taɓa abinci, kuma takardar ta ambaci man girki da zafin da za a ajiye shi. A bar shi ya nuna sosai, aƙalla kwana 7 da iska na shiga, kafin a zuba mai. Haka dokar take ga tankin ruwan sha.

Mai Daɓe, Zariya Rod:
A ƙara da maganar lokaci, don takardun nan a digiri 20 zuwa 25 aka rubuta su. Duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aikin kwaɓin da kusan rabi. Ifoksin da aka ce minti 40, a Afrilu minti 12 zuwa 15 za ka samu. In aka bar shi a bokiti yana dafa kansa, har hayaƙi yake yi. Da an kwaɓa a juye a ƙasa a baza. PU mai siminti ya fi gaggawa, shi ya sa a bazara da dare ake shimfiɗa shi, kayan kuma a kwana da su a ɗaki mai sanyi, ba a kwantena ba.

Kwaɓi da injin juyawa a hankali, zagaye 300 zuwa 400 a minti, na minti uku, a kankare gefen bokiti da gindinsa. Kada a kife bokiti a kan daɓe don ragowar ta tsiyaye, abin da ke manne a gefe bai haɗu ba, zai bar tabon da ba ya bushewa har abada. Kada a raba gwangwani da ido. In dole ne, a sa sikeli, a kuma duba ko awon na nauyi ne ko na lita, don ba ɗaya ba ne. Ƙara kashi B, wato ruwan da ke taurara fentin, ba ya sa shi saurin bushewa, lalata shi yake yi.

Firaimar daɓe bayan la'asar ake shafa ta. Da safe kankare yana ɗumama, iskar cikinsa tana fitowa ta huda ɗanyen fenti ta bar ƙananan ramuka. Da yamma yana hucewa, sai ya zuƙe firaimar ciki.

Hajiya Mai Kemis, Chalawa:
Damina kuma kowanne da irin cutarsa. Kashi B na PU na rola ko na feshi yana haɗuwa da ruwa ya fitar da iskar kabon, sai fentin ya yi kumfa ko ya dushe. Ifoksi kuma amin ɗinsa ke haɗuwa da danshin iska, ya fito sama da maiƙo kamar an shafa man kaɗanya. In aka ɗora PU a kan wannan maiƙon, zai saɓule. Da ruwan ɗumi da sabulu ake wanke shi, a bari ya bushe, a ɗan goga takardar yashi. Tina baza shi kawai take yi. Ƙa'idar ita ce laimar iska ƙasa da kashi 85, kuma zafin ƙarfen ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da digiri 3.

Ita ma tinar a kula. Ta kasuwa da ake aunawa a jarka sau da yawa akwai sifirit a cikinta, shi kuma yana cinye isosayanet, PU ya ƙi taurara. Kowane fenti da tinarsa, daga kamfani ɗaya, kuma kada ta wuce abin da takarda ta ce, yawanci kashi 5 zuwa 10. Gwangwanin kashi B da aka buɗe aka ga ya yi gajimare ko ya yi kauri, danshi ya riga ya shige shi, a mayar.

Ina roƙonku da Allah a kan lafiyar yaran da ke feshin nan. Isosayanet yana jawo asma, kuma wanda jikinsa ya kamu, ko ɗan kaɗan ya shaƙa daga baya sai ta tashi. Takunkumin ƙyalle ba komai yake tarewa ba. Feshin PU yana buƙatar takunkumi mai kawo iska ta tiyo. Ifoksi kuma fata yake ci, a sa safar hannu ta naitiril, a daina wanke hannu da tina. Cikin tanki sai da fanka mai zuƙe iska, fitilar da ba ta tartsatsi, da mutum a tsaye a bakin ƙofa.

Ɗan Kwangila, Titin Haɗeja:
To a hunturu fa, Injiniya? Laima ba matsala, amma ƙura ta ishi kowa.

Injiniyan Bompai:
Ƙura tana sauka tsakanin shafi da shafi, ta hana su kama juna. A kewaye tankin da tamfol, kafin kowane shafi a hure a goge, a manna salatif a ɗaga a duba. Bushewar iska kuma tana sa feshi ya bushe kafin ya isa ƙarfe, ya sauka da ƙaiƙayi, don haka a matso da bindiga a rage matsin iska. Daren da sanyi ya yi tsanani ifoksi yana jinkirin nuna, kada a yaudaru da taurin sama. A bazara kuma faranti a rana yana wuce digiri 60, a riƙa bin ɓangaren inuwa ana zagayawa. Ga aikin waje, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba ya fi daɗi, ruwa ya ɗauke, hazo bai yi kauri ba.

Tazara tsakanin ifoksi da PU tana da ƙasa tana da sama. In aka yi gaggawa, tinar ƙasa ta maƙale. In aka bar ifoksi makonni a rana har ya fara gari, sai an wanke an goga kafin PU ya kama. MIO ya fi ba da sarari saboda kaushinsa, amma shi ma a wanke shi.

Manajan Gini, Sharaɗa:
Na fahimta. Akwai dakalin lodi a waje, kankare ne, rana na dukansa, motoci na ja da baya a kai. Na manta ban sa shi a lissafi ba. Sai wata tsohuwar matakalar ƙarfe da aka yi wa fentin mai, da bututun galbanaiz.

Mai Daɓe, Zariya Rod:
Dakalin, firaimar ifoksi, shafin ifoksi a watsa masa yashin kwaz busasshe mai girman milimita 0.4 zuwa 0.8 har ya ƙoshi, washegari a share ragowar, a rufe da PU alifatik sau biyu. Ba santsi a damina, ba koɗewa. Amma sai in akwai leda a ƙarƙashinsa. In babu, gara a bar shi kankare a zuba masa ruwan taurara fuska na silikat, ya riƙa numfashi.

Mai Fenti, Ƙofar Ruwa:
Matakalar, tinar ifoksi tana tayar da tsohon fentin mai ya yamutse. A jiƙa tsumma da tina a ɗora minti biyu, in ya yi laushi sai an kankare shi duka. Galbanaiz kuma a wanke maiƙonsa da sabulu, a ɗan kausasa shi sama-sama, a sa firaimar ifoksi mara zinki wadda takardarta ta ambaci galbanaiz, sannan PU. Fentin mai kai tsaye a kansa ɓarewa yake yi.

Hajiya Mai Kemis, Chalawa:
Alhaji, kafin ka sa hannu, kowane ɗan kwangila ya shimfiɗa gwajin murabba'in mita 2 a ɗakin tacewar, kusa da magudana, da kayan da ya rubuta da mutanen da za su yi aikin. Bayan kwana 7 a zuba ɗanyen mai mai ɗumi a bar shi ya kwana, a wanke da ruwan boila, a maimaita har mako guda. Ka turo mana takardun bayanin kayan da hoton lambar gwangwanayen da ranar da aka yi su, mu duba ko wa'adinsu bai wuce ba. Ka kuma tambayi magina maganar ledar nan yau.